Tambayoyi da Amsoshi Kan The Cocoanuts, Fim Ɗin Barkwanci da Waƙa na 1929

A shekarun da sauti ya fara shiga sinima a Amurka, kamfanonin shirya finafinai sun bazama neman mutanen da suka iya magana da waƙa a gaban jama'a, kuma wurin da suka fi samun su shi ne gidajen wasan kwaikwayo na unguwar Broadway da ke birnin New York. The Cocoanuts yana cikin finafinan da aka ɗauko daga can, kuma yana cikin 'yan kaɗan na wancan zubin da har yau ake kallo don nishaɗi, ba don nazarin tarihi kaɗai ba. Ga amsoshin tambayoyin da masu sha'awar tsofaffin finafinai suka fi yi a kansa.

Wane irin fim ne, kuma su wa suka shirya shi?

Fim ne na barkwanci da waƙa da rawa, marar launi, wanda kamfanin Paramount ya fitar a shekarar 1929. An ɗauke shi a sutudiyon kamfanin da ke Astoria a yankin Queens na birnin New York, ba a Hollywood ba, kuma an fara nuna shi a New York a watan Mayu na wannan shekara. Daraktoci biyu ne suka ba da umarni: Robert Florey, Bafaranshe haifaffen birnin Faris, da Joseph Santley, wanda shi kansa tsohon ɗan wasan dandamali ne. George Folsey ne ya ɗauki hoto, Irving Berlin ya tsara waƙoƙi, Morrie Ryskind kuma ya daidaita rubutun wasan domin ya dace da fim. Shi ne fim na farko na 'yan'uwan Marx da ya kai ga idon jama'a.

Su wane ne waɗannan 'yan'uwan Marx?

'Yan'uwan juna ne uwa ɗaya uba ɗaya, 'ya'yan Yahudawa baƙin haure da suka zauna a New York. Mahaifinsu Sam tela ne ɗan yankin Alsace, mahaifiyarsu Minnie kuma daga Jamus ta zo, kuma ita ce ta tura su wasan dandamali tun suna yara, ta riƙe musu ragamar sana'ar shekaru da yawa. Su biyar ne, amma Gummo ya bar wasa tun kafin zuwan finafinai, saboda haka huɗu ne suka fito a wannan fim, kowanne da kamanninsa da ba ya sauyawa.

Groucho shi ne mai gashin baki na fenti da sigari mai kauri, mai tafiya a duƙe, wanda bakinsa ba ya hutawa da gatse da baƙar magana. Chico yana kwaikwayon Turancin baƙi 'yan Italiya, yana fitowa a matsayin ɗan damfara mai nuna kamar bai gane komai ba, sa'an nan yana kaɗa fiyano da salon da ya zama nasa. Harpo ba ya furta ko kalma ɗaya. Da fito da alamun hannu da wani ƙaho irin na tsofaffin motoci yake isar da saƙonsa, kuma idan ya zauna gaban kayan kiɗansa mai tsirkiya da yawa sai duk haukan ya kau daga fuskarsa. Zeppo, autansu, shi ne mai shigar mutunci da ake ba ƙaramin matsayi, kuma a wannan fim ɗin kusan ba shi da abin yi face tsayuwa a bayan teburin karɓar baƙi. Kafin The Cocoanuts sun shafe kusan shekaru ashirin suna yawon gari-gari da wasanni, har suka shiga Broadway a 1924 da wasan I'll Say She Is. Sun taɓa gwada wani gajeren fim marar sauti mai suna Humor Risk a 1921, amma ba a sake shi kasuwa ba, kuma ya ɓace.

Mene ne labarin fim ɗin?

Groucho ya fito a matsayin Hammer, mai wani otal a gaɓar tekun jihar Florida wanda ba shi da baƙi, ba ya biyan ma'aikatansa albashi, kuma yana fatan ya tsira ta hanyar gwanjon wasu fulotai marasa amfani. Baƙuwar da take da kuɗi a otal ɗin ita ce wata hamshaƙiya, Uwargida Potter, wadda Hammer yake nuna yana so alhali dukiyarta yake hange. Tana son ta aurar da 'yarta Polly ga wani mai suna Harvey Yates saboda tana ganin ɗan manyan gida ne, ita kuwa yarinyar hankalinta yana kan Bob Adams, akawun otal ɗin mai burin zama mai zanen gine-gine. Yates da abokiyar cin mushensa Penelope suka ƙulla makirci, suka sace sarƙar wuyan Uwargida Potter mai darajar dala 100,000, suka ɓoye ta a cikin kututturen wata bishiya, laifin kuma ya faɗa kan Bob har aka kulle shi. Chico da Harpo, waɗanda suka sauka a otal ɗin da akwati fanko da niyyar cika shi kafin su tafi, su ne suka fitar da shi, daga bisani asirin ɓarayin ya tonu a wurin walimar baiko.

Wannan labari igiya ce kawai da aka rataya barkwanci a kanta. Babu mai kallon fim ɗin domin ya san ko za a gano sarƙar, kuma marubutan ma ba su ɓoye cewa sun san haka ba.

Me ya sa aka zaɓi Florida da cinikin filaye?

Domin lokacin da aka rubuta wasan, a 1925, haukan sayen filaye a Florida yana kan ganiyarsa. Mutane daga arewacin Amurka suna sayen fulotan da ba su taɓa gani ba, wasu a cikin fadama, wasu ma ruwa ya shanye su, suna biyan kafin alƙalami da niyyar sayarwa da riba kafin lokacin biyan sauran kuɗin ya zo, har takardar fili ɗaya takan sauya hannu sau da dama a rana guda. Masu kallo a New York sun san wannan sarai, kuma da yawansu sun zuba kuɗinsu a ciki, saboda haka jawabin Hammer na tallar filaye ba ya bukatar wani bayani a wurinsu.

Kasuwar ta fara durƙushewa a 1926, sa'an nan mahaukaciyar guguwar da ta afka wa birnin Miami a watan Satumba na wannan shekara ta ƙarasa ta. Ke nan lokacin da fim ɗin ya fito a 1929, abin da yake yi wa ba'a ya riga ya zama tarihi. Watanni kaɗan bayan fitowarsa, a watan Oktoba, kasuwar hannayen jari ta New York ta rushe, kuma Groucho, wanda ya yi shekaru yana zolayar masu neman kuɗin banza a kan dandamali, yana cikin waɗanda suka yi asarar abin da suka tara.

Yaya wasan dandamalin yake, kuma me ya sauya da aka mayar da shi fim?

An buɗe wasan ranar 8 ga Disamba, 1925, a gidan wasa na Lyric da ke Broadway, Sam H. Harris ne ya ɗauki nauyinsa, George S. Kaufman ya rubuta shi, Irving Berlin ya yi waƙoƙin. An yi shi sau 276 a can kafin a fita da shi zagayen wasu garuruwa. A tsawon wannan lokaci 'yan'uwan sun yi ta ƙara nasu maganganun suna zubar da na marubucin, suna gwada kowace zolaya a gaban masu kallo dare bayan dare, suna riƙe wadda ta jawo dariya. Wannan shi ne babban abin da fim ɗin ya gada: barkwancin da ke cikinsa an riga an goge shi sau ɗaruruwa kafin a kunna kyamara.

An rage waƙoƙi da yawa na wasan, an ƙara sabuwa, an kawo Mary Eaton da Oscar Shaw, waɗanda suka yi suna a Broadway, su fito a matsayin masoyan biyu, aka ba Kay Francis matsayin Penelope tun kafin ta zama babbar tauraruwa a shekarun 1930. Amma ginin wasan bai sauya ba. Mutane suna shigowa ta gefe suna fita ta gefe, suna jeruwa suna fuskantar kyamara tamkar ita ce masu kallo, tekun Florida kuma zane ne a jikin labule. Wanda yake so ya ga yadda wasan barkwanci da waƙa na Broadway yake a shekarun 1920 da wuya ya sami shaidar da ta fi wannan.

Wani abin lura shi ne yadda aka yi aikin. A farkon 1929 'yan'uwan suna tsakiyar yin wasansu na gaba, Animal Crackers, wanda aka buɗe a watan Oktoba na 1928, don haka da rana suna Astoria suna ɗaukar fim, da dare su tsallaka kogi su hau dandamali. Wannan ne ya sa aka yi fim ɗin a New York.

Wace irin wahala aka sha wajen ɗaukar sauti?

A nan ne fim ɗin ya fi ba da darasi. The Jazz Singer na kamfanin Warner, wanda ya buɗe ƙofar finafinai masu sauti, ya fito ne a watan Oktoba na 1927, kuma yawancinsa ma marar magana ne. Fim na farko mai magana daga farko har ƙarshe, Lights of New York, sai a 1928 ya fito. Ke nan lokacin da aka fara ɗaukar The Cocoanuts, sana'ar ba ta kai shekara biyu ba, kuma kowa koyo yake yi.

Kyamarar wancan zamani tana da ƙara, makirufo kuma yana kwashe ƙarar, saboda haka sai aka riƙa kulle kyamara da mai ɗaukar hoto a cikin wani akwati mai toshe sauti, mai tagar gilashi a gaba, wanda zafi da rashin iska suke damun duk wanda yake ciki. Kyamarar da a zamanin finafinai marasa sauti take bin ɗan wasa duk inda ya nufa sai ta koma a daskare. Makirufo ma ba ya jin magana daga nesa, dole ɗan wasa ya tsaya kusa da inda aka rataye shi. Yanka sauti da haɗa shi yana da wuya ƙwarai, shi ya sa ake kunna kyamarori da dama a lokaci guda a ɗauki fitowa mai tsawo ba tare da tsayawa ba. Hatta kiɗa a wannan fim ba a naɗe shi tun da farko 'yan wasa su bi da baki ba, kamar yadda aka saba daga baya. Makaɗa suna zaune a gefen wurin ɗauka suna kaɗawa a daidai lokacin da ake waƙa da rawa, kuma kuskuren mutum ɗaya yana nufin a sake komai.

To, a cikin wannan ƙunci aka saka mutanen da suka saba da guje-guje da yin abin da ya zo musu a rai. Mai kallo da ya lura zai ga wuraren da Groucho yake neman fita daga hoto, da wuraren da wani ya yi tuntuɓen harshe aka bar shi haka saboda sakewa tana da tsada. A ganin mai wannan rubutu, waɗannan kurakurai ba su rage wa fim ɗin daraja ba, domin su ne suke sa mutum ya ji cewa abin a gabansa yake faruwa. Kuma duk da wahalar, sautin ne ya ba 'yan'uwan damar shiga sinima tun farko: Groucho da Chico ba su da abin sayarwa idan ba a ji muryarsu ba, shirun Harpo ma ba ya zama abin dariya sai inda kowa yake magana.

Da gaske ne an jiƙa takardun da ke cikin fim ɗin da ruwa?

Gaskiya ne. Makirufo yana mayar da motsin busasshiyar takarda wata ƙara mai rufe magana, sai aka riƙa jiƙa duk takardar da ɗan wasa zai riƙe. Ana ganin haka a fili a fitowar da Groucho yake nuna wa Chico taswirar filaye, inda takardar take langaɓewa a hannunsu.

Yaya waƙoƙin suke?

Ba su kai sunan mai su ba. Irving Berlin yana cikin manyan marubuta waƙa na Amurka, amma babu waƙar da ta fito daga wannan aiki ta shiga sahun fitattun waƙoƙinsa. Wadda ya rubuta musamman domin fim ɗin, When My Dreams Come True, an maimaita ta har ta gundura: masoyan sun rera ta, Harpo ya kaɗa ta, aka kuma dawo da ita a ƙarshe. Wadda ta fi armashi ita ce ta ba'a, inda ɗan sandan ciki Hennessy, wanda Basil Ruysdael ya fito a matsayinsa, yake kukan rigarsa da Harpo ya zare masa daga jiki, ana rera koken da karin waƙoƙin wasan Carmen na Georges Bizet.

Ta fuskar rawa kuwa akwai abin da masana tarihin fim suke yawan ambato. A wata fitowa an ɗauki 'yan rawa daga sama, suna jeruwa suna buɗewa suna rufewa cikin siffofi, kuma wannan ya zo kafin mai tsara rawa Busby Berkeley ya mayar da irin wannan ɗauka tambarinsa a shekarun 1930. A fim ɗin da kyamara take a ɗaure, wannan fitowa tana nuna cewa daraktocin suna neman hanyar kuɓuta.

Wanda Turancinsa bai yi zurfi ba zai ji daɗin fim ɗin?

Zai ji daɗin rabi, kuma rabin ba kaɗan ba ne. Duk abin da Harpo yake yi ba ya bukatar harshe: yana cin maɓallan rigar yaron otal, yana shan tawada, yana gatsar wayar tarho, yana miƙa wa mutum ƙafarsa a maimakon hannu, yana yashe aljihun duk wanda ya tsaya kusa da shi. Haka ma fitowar ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, inda mutane suke shiga suna fita suna ɓuya a ƙarƙashin gado, lissafin lokaci ne kawai ba magana ba. Gwanjon filayen ma a bayyane yake. Hammer ya ɗauki Chico ya shiga cikin masu taya domin ya riƙa ɗaga farashi, shi kuwa ya ɗauki umarnin da gaske har ya riƙa taya sama da tayin kansa, ya kori duk mai niyyar saye, ya bar mai gwanjon da filayensa.

Inda za a sha wuya shi ne zancen Groucho, wanda yake da sauri kuma ya dogara da kalmomi masu kama da juna a sauti. Fitowar da ta fi shahara a fim ɗin irin wannan ce: Groucho yana bayanin wata gada a taswira, Chico kuma yana jin kalmar tamkar tambaya ce game da agwagwa, suka yi ta jayayya a kai. Irin wannan ba ya fassaruwa, kuma rubutun fassara a ƙasan hoto yakan kashe shi.

Me ya sa ake yawan ambaton Margaret Dumont?

Domin ita ce bangon da Groucho yake jifa. Ta fito a matsayin Uwargida Potter tun a dandamali, ta sake fitowa a fim, kuma gaba ɗaya ta yi finafinai bakwai tare da 'yan'uwan. Aikinta shi ne ta riƙe girma da isa irin na matan masu kuɗi komai cin fuskar da aka yi mata, ta nuna mamaki, ta huce, ta sake ba da dama a kuma zolaye ta. An daɗe ana yaɗa cewa wai ba ta gane barkwancin ba ne, amma mace da ta yi shekaru tana wasan ban dariya a dandamali, ta kuma san daidai inda za ta dakata domin dariyar masu kallo ta lafa, ba za a ce ba ta san abin da take yi ba.

Fim ɗin ya sami karɓuwa?

Ya samu ƙwarai, ya kawo wa Paramount riba mai yawa, kuma nan da nan kamfanin ya sake ɗaukar wasansu na gaba, Animal Crackers, a Astoria a 1930. An ruwaito cewa su kansu 'yan'uwan ba su ji daɗin abin da suka gani ba da aka fara nuna musu, har suka so a hana fitar da shi. Bayan waɗannan biyun suka koma Hollywood, inda aka riƙa rubuta musu labarai domin fim kai tsaye: Monkey Business a 1931, Horse Feathers a 1932, Duck Soup a 1933. Zeppo ya bar fitowa bayan wannan na ƙarshen, sauran ukun suka koma kamfanin MGM suka yi A Night at the Opera a 1935. Mahaifiyarsu Minnie ta rasu a watan Satumba na 1929, bayan ta ga fim ɗinsu na farko ya fito.

Shi kaɗai ne irinsa a wancan lokaci?

Ko kusa. Shekarun 1929 da 1930 sun cika da wasannin Broadway da aka mayar finafinai, irin su The Desert Song da Rio Rita da Sally, sai Whoopee! na ɗan wasan barkwanci Eddie Cantor a 1930, wanda aka ɗauka da launi. A gefe guda The Broadway Melody na MGM, wanda domin fim aka rubuta shi, ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau. Yawan ya yi yawa har kafin ƙarshen 1930 jama'a suka ƙosa, kamfanoni suka riƙa cire waƙoƙi daga finafinan da aka riga aka ɗauka, kuma kasuwar ba ta farfaɗo ba sai da 42nd Street ya fito a 1933. Yawancin finafinan wancan zubi an manta da su, wasu ma sun ɓace ɗungurungum. The Cocoanuts ya tsira ne saboda 'yan barkwancinsa, ba saboda waƙa ko soyayyar da ke cikinsa ba.

Ya yi kama da finafinan Indiya masu waƙa da rawa?

Akwai dangantaka ta asali, domin a Indiya ma sauti da waƙa tare suka shiga sinima, kuma daga gidajen wasan kwaikwayo aka ɗauko salon. Fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara na Ardeshir Irani, ya fito a 1931 da waƙoƙi bakwai, kuma shi ma daga wasan dandamali aka samo labarinsa. Bambancin shi ne a Indiya waƙa ta zauna daram a cikin kusan kowane irin fim, a Amurka kuwa ta ware ta zama nau'i guda a cikin nau'o'i. Mai kallon da ya saba da finafinan Indiya ko na Kano ba zai yi mamakin ganin an tsayar da labari an shiga waƙa ba, sai dai zai tarar cewa a nan masoyan su ne 'yan rakiya, masu ban dariya kuma su ne masu fim.

Ana iya samun fim ɗin yau, kuma a wane hali yake?

Ana samunsa, tsawonsa kimanin awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci. Kwafin da ya rage an harhaɗa shi ne daga mabambantan tsofaffin kwafi, shi ya sa hoton yakan yi kyau a wani wuri, ya dushe a wani, sautin ma haka. Tsofaffin finafinan Paramount masu sauti na wancan zamani sun koma hannun kamfanin MCA a 1958, daga nan suka zama na Universal, wanda ya gyara wannan fim tare da sauran finafinan 'yan'uwan na farko ya sake fitar da su a 2016. Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2025, wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka, kamar sauran ayyukan da aka wallafa a 1929, don haka yanzu ana cin karo da shi a intanet cikin sauƙi. Ga wanda yake da zaɓi, gyararren kwafin ya fi, musamman saboda maganar Groucho tana fita sosai a cikinsa, kuma gashin kantin da Harpo ya sa, wanda ja ne a dandamali amma ya fito da duhu a wannan fim, ana ganinsa da kyau. A finafinan da suka biyo baya an sauya masa mai haske domin ya dace da kyamara.